Tauraro Ɗaya Daga Mushe Kojo

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi magana ce da ta fito daga bakin Balkisa ranar da aka watse daga zaman makokin uwarku. Tana naɗe tabarmi, ba ta san ina bayan ƙyaure ba, na ji tana ce wa ƙannenta wai Hajiya ta koma ga Allah ba ta taɓa yi wa Yaya Lawali magana mai daɗi ba, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, wai irin wannan kunya ƙiyayya ce aka yi wa kwalliya. Maganar ta tsaya mini a ƙirji, kuma tunda ni na ga abin da idona, gara in faɗa muku kafin ni ma a naɗe tawa tabarmar.

Ku da kuka tashi da salula a hannu ba ku san irin renon da aka yi wa uwarku ba. A Tanda aka haifi Ramatu, a gidan da mace ba ta haɗa ido da ɗanta na fari, balle ta kira sunansa. Da aka yaye Lawali innata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Shi ya sa uwarku ba ta ce masa komai sai "ɗan Inna". In ya shigo tsakar gida ta shige madafa. In ta dafa dambun zogalen da yake so, sai ta ce a kai wa "mutanen zaure", alhali ta san shi kaɗai ne a zauren. Shi kuma Hajiya yake ce mata, kamar maƙwabciya. Na sha yi mata tsiya, in ce zamani ya wuce wannan, ta ce in bar ta da abin da ta iske.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da gwiwa ta sauke ni daga tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, bayan na tsufa a hanyar Kwatano zuwa Yamai. Don kada zaman gida ya kashe ni kuka haɗu kuka saya mini salula mai shafawa, Lawali ya zauna ya nuna mini kantin da ke cikinta, inda ake sauke aplikasiyo, wato manhaja. Wallahi na yi mamaki, kuma har gobe ina yi. Ni da na san kaya ba ya ƙetare iyaka sai ya kwana a duwan, wurin 'yan kwastan, ga kasuwa babu rumfa, babu dillali, babu mai tsayar da kai a hanya, ka taɓa da yatsa kaya ya sauko aljihunka. Nan na samo mai nuna alƙibla, na samo mai karanta mini Alƙur'ani da murya tunda ido ya yi rauni. Wanda ya ƙago wannan kanti mai basira ne, ban hana masa ba. Sai dai bai taɓa zuwa garinmu Gaya ba. Komai a ciki Faransanci ne ko Ingilishi. Ka nemi abu ɗaya ya kawo maka masu kama da shi birjik, na jabu ya fi na gaske kyan hoto. Ka kusa gama saukewa rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, ya ce ka koma farko, megarka, datar da ka saya, ta tafi a banza. Kuma ba shi da wata hanyar sanin mai kyau da marar kyau sai taurari: ka ji daɗin kaya ka ba da biyar, ka ji haushi ka ba da ɗaya, in kana da ƙarin bayani ka rubuta a ƙasa kowa ya karanta.

A cikin wannan kanti Lawali ya kafa tasa rumfar. Ya dawo daga jami'a da diplom, aiki ya ƙi samuwa, sai ya kulle kansa a ɗaki da odinatar, wato kwamfuta, har ya haɗa wani abu da ya sa wa suna Akwai Wuri. Dabarar mai kyau ce, ni direba na fi kowa sani. Kamiyo nawa ke barin Gaya da rabin ciki babu kaya, alhali mata 'yan kasuwa na zaune a kan buhunansu suna neman mota? Shi ya ce mai kaya ta sa kayanta a ciki, direba mai wuri ya gani ya kira ta. Ranar da abin ya fito a kanti na zagaya tasha da salula a hannu ina nuna wa tsofaffin abokan tuƙi sunan ɗana.

To, a nan halinmu ya shigo. Mu mutanen Gaya ba mu kushe hajar mutum a gaban jama'a. In maƙwabcinka ya kasa ruɓaɓɓen goro, kai dai ka ce Allah ya kawo kasuwa ka wuce. Balle ɗan gida, ɗan Alhaji wane. Dangi, abokai, direbobi, har limamin unguwa, kowa ya sauke, ya danna biyar, ya rubuta "Masha Allah", bayan kwana kaɗan ya goge don salularsa ta cika. Ni ma biyar na ba da, kuma ban ga laifina ba, uba ne ni. Lawali ya duba ya ga taurari cike, yabo kamar na ango, amma ko buhu ɗaya bai hau mota ta hanyarsa ba. Kantin yana nuna masa an sauke, an goge, ba ya gaya masa dalili. Yaro ya rame, ya daina fitowa hira. Wata rana bayan sallar la'asar ya same ni a zaure, ya zauna nesa kaɗan, ya ce:

"Baba, mutane sun ce abin na da kyau, kuma ba su so. Ke nan ba ni da abin gyarawa. In damina ta wuce haka, ni sai da odinatar in bi su Hamza ta Agadas."

Hamza da wani abokinsu sun daɗe suna shirin ƙetare hamada. Ni na yi tuƙi har Agadas, na ga waɗanda ke hawa motocin nan, na kuma ga iyayen da ke zuwa tasha da hoto suna tambaya. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, ya sunkuyar da kai irin na wanda ya riga ya gama shawara. Uwarku tana bayan katanga tana tankaɗe, na ji rariya ta tsaya.

A duk garin nan mutum ɗaya ne ya ɗauki Akwai Wuri da gaske, ita ce uwarku. Kun san sana'arta, tana saro tumatir da albasa daga Tunuga, a kawo mata a kwalekwale, ta tura Dosso. Tana da dillalinta a tasha wanda in ta kira shi kafin ta gyara ɗankwali ya samo mata mota. Ta daina kiransa, ta ce ita da abin ɗan Inna za ta yi aiki. Ta yi makarantar yaƙi da jahilci tana da ƙuruciya, tana haɗa baƙi a hankali, kuma tana da salular da ta saya ta hannu a Malanbil, ƙetaren gada a ƙasar Benin. Ita ce ta fara gano inda ɗakin ke yoyo. Abin yana neman kod, wata lambar sirri da ake aikowa ta mesaj, kafin ya buɗe. A cikin gari lafiya lau. Amma da ka sauka bakin gulbi, inda kaya ke sauka, sai salula ta saki rezon Nijar ta kama na Benin, wani lokaci in iska ta juya ta kamo na Najeriya, kod ya ɓace a hanya. Lawali a ɗakinsa yake gwadawa, can tudu, bai taɓa ganin haka ba.

Ta yi ƙoƙarin isar da saƙon ta hanyar da ta sani. Ke Balkisa, ina jin kin manta, ke ta fara aika. Ta ce miki:

"Ki ce ma ɗan Inna abin nan nashi ba ya buɗewa bakin gulbi."

Kika je kika tarar da yayanki ya haɗa kai da gwiwa, tausayi ya kama ki, kika ce:

"Yaya, Hajiya ta ce abinka na da kyau, rezo dai ka ba ta wahala."

"Rezo kam ba ni na yi shi ba," in ji shi.

Sai ta turo ni. Na shiga da niyyar faɗin gaskiya, na ga idon yaron nan ja wur, na tsinci bakina yana cewa madalla, Allah ya ƙara basira, ɗan gyara kaɗan ya rage. Duk uban da ya ce zai iya fin haka a wannan hali, sai na gani. Haka maganar ta bi hannu biyu ta isa gare shi a wanke tas, babu ko ɗigon ɗaci a jikinta.

Ana cikin haka aka kawo mata tumatir cikin tsakiyar zafi. Ta zauna a bakin gulbi tun hantsi tana jiran kod, mata 'yan uwanta suna loda nasu suna tafiya, suna ce mata ta kira dillali ta huta. Ta ƙi. Kafin rana ta karkata kwandunan sun fara tsiyaya. A amalanke aka dawo da su gida, ta zauna ita da wuƙa ta tsince na tsincewa, ta yayyanka ta shanya a tabarmi don ko kauɗa ta samu. Da ta gama ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta zauna gindin itacen bedi da salula, tana danna baƙi ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Na leƙa ta kafaɗarta na ga tauraro ɗaya tal a kunne, sauran huɗu a mace. A ƙasa ta rubuta: "Abin ga ba ya aiki bakin gulbi. In salula ta kama rezon Benin kod ba ya zowa. Tumatirina ya lalace ina jira. Masu ba ka biyar ba su gwada ba. Ka sauko gulbi da kanka ka gani."

"Hajiya, ɗaya? Ɗanki fa! Ko uku ba ki ba shi?"

"Alhaji, kun kusa kashe shi da yabo, kai da mutanenka. In na yi mishi kara, hamada ba ta yi mishi."

"To ai shi gane ke ce."

"Duba sunan."

Na duba. Mai shagon da ya sayar mata da salular a Malanbil bai goge sunan tsohon mai ita ba, kantin kuwa abin da aka rubuta masa ya sani. A saman maganar uwarku sunan wani Kojo ne. Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce in ta ji maganar nan a bakin kowa, ni da ita ne. Na yi alkawari, kuma na riƙe shi har ta bar duniya.

Riƙon bai zo da sauƙi ba. Da magariba Lawali ya fito tsakar gida, abin da ya daɗe bai yi ba, salula a hannu, yana huci. Ya karanta wa kowa rubutun da ƙarfi, ya ce wani ɗan baƙin ciki ne daga ƙetaren gada, wanda bai iya riƙe salula ba ya zo yana zubar masa da mutunci a idon duniya. Ya kira Kojo mahassadi, ya kira shi jahili. Uwarku tana bakin murhu, bayanta gare mu, tana tuƙa tuwo. Nan take ya rubuta amsa, domin kantin yana bai wa mai haja damar amsawa, ya kira shi Mushe, wato Malam da Faransanci: "Mushe Kojo, in ba ka iya ba ka tambaya." Kuma abin bai tsaya a ɓacin rai ba. Akwai wata ƙungiya a Yamai mai tallafa wa matasa da ke duba aikinsa a lokacin. Da yake sauran rubuce-rubucen duk "Masha Allah" ne, kantin ya ɗauko na Kojo ya ɗora a sama, shi mai shiga ke fara gani. Tallafin ya wuce shi. Ranar da labarin ya zo uwarku ba ta ci abinci ba, na same ta a ɗaki tana share hawaye da bakin zane. Na ce ta goge kawai a huta. Ta girgiza kai, ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban taɓa jin girmanta a raina kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoron abin da muka yi kamar ranar ba.

Amma tun washegarin rubutun wani abu ya riga ya motsa. Da sassafe Lawali ya ari tsohuwar salular Balkisa, ya ratsa tsakar gida ya nufi gulbi, a cewarsa zai je ya ƙaryata Kojo. Ya dawo da azahar, ƙafa duk laka. Da uwarku ta duba, amsar jiya ta ɓace, wata ta maye gurbinta: "Mushe Kojo, ka yi haƙuri, gaskiyarka. Ka ba ni lokaci." Ko da tallafin ya kuɓuce bai ɗaga maganar Agadas ba, ya ce sai ya gama da Kojo tukuna.

Daga nan hira ta ƙullu tsakanin uwa da ɗan fari, irin wadda ba su taɓa yi ba tun da ta haife shi. Ya gyara maganar kod, Kojo ya ƙara tauraro, ya ce abin ya yi wa ƙananan saluloli nauyi. Ya rage nauyin, Kojo ya ce yawancin mata ba su rubutu, a sa musu inda za su yi magana da baki. Ya sa, tauraro ya zama uku. Kowace la'asar za ku gan ta gindin bedi da tabarau, ku kuna tsammani wa'azi take saurare. Shi kuma da ya fitar da sabon gyara sai ya riƙa duba salula kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Abin da ke ba ni haushi da kantin nan har yau shi ne wuri ɗaya tak yake ba kowa. In ta sake rubutu, na baya ya goge. In ya sake amsa, ta baya ta goge. Da na san haka zan yi kewarsu da na sa an kwafe mini, amma wa ke tunanin mutuwa yana ganin mutum na tuƙa tuwo?

Da tafiya ta yi nisa sai Kojo ya fara wuce gona da iri. Wata rana na karanta na ga bayan maganar direbobin da ba su ɗaukar kira ta ƙara da cewa: "An ce ba ka barci. Ka riƙa cin abinci." Na yi dariya har da tari.

"Hajiya, za ki tona kanki. Wane Kojo ne za shi damu da cikin ɗan wani?"

"Kojo ma uba ne, shina da ɗiya," ta ce, ko murmushi babu.

Ku ma kun karanta, kun mai da shi abin tsokana a gida. Balkisa, ke ce kika ce, "Yaya, wanga Kojo naka ya hi Hajiya kula da kai." Uwarku tana nan zaune tana tsince shinkafa, ta ji ki sarai, ta ci gaba da tsintarta. Ni na tashi na fita, don in na zauna alkawari zai karye.

Damina ta zo ta wuce. Su Hamza suka tafi su biyu. Ɗaya ya dawo bayan shekaru da tarin da bai rabu da shi ba, ɗayan har yanzu uwarsa tana tare matafiya da tambaya. Lawali bai je ko'ina ba. Mata suka fara gaya wa juna a bakin gulbi cewa abin ɗan Alhaji yanzu yana buɗewa, direbobi suka biyo kaya, daga Gaya abin ya kai Kamba da Malanbil. Bai zama attajiri ba, kada in yi muku ƙarya, amma da shi ya yi aure, da shi yake ciyar da jikokina, kuma a garin nan yake kwana. Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Ni dai na ga wadda ta yi kamar ta ƙi, na kuma ga abin da hakan ya ci mata. Kojo ya kai tauraro huɗu ya tsaya cak. Ƙorafinsa na ƙarshe shi ne rubutun cikin abin ƙanana ne, tsofaffi ba su gani. Shekara da shekaru yana maimaitawa, Lawali yana cewa ana kan gyara.

Bayan na ji maganar Balkisa a bayan ƙyaure, na ga alkawarina ya kai ƙarshensa, amma Lawali ya fi kowa haƙƙin fara ji. Na kira shi zaure, inda ya taɓa gaya mini zai tafi. Na yi ta kewaye-kewaye kamar kamiyo a lungu, daga ƙarshe na ce masa Mushe Kojo ba zai sake rubuto masa ba, domin shi muka kai makwanci. Na zaci zai zabura. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun washegari. Na hito za ni gulbi, na iske tumatir shanye cike da tsakar gida."

"Kai, Lawali! Mi ya hana ka hwaɗi?"

"In na nuna na gane, kunya ta kama ta, ta yi shiru. Gara in ce mata Mushe ta yi mini magana, da in ce mata Hajiya ta shige madahi."

Sai na ce masa abu ɗaya ne ya tsaya mini, ta tafi ba ta ba shi tauraro na biyar ba, duk a kan ƙananan rubutun nan da ya kasa gyarawa. Ya share ido da hannun riga, ya ce:

"Ba kasawa na yi ba, Baba, aikin rabin yini ne. In na gyara ta ba ni biyar, mi za ta sake rubuto mini?"

To, Balkisa, ke da ƙannenki, ku ɗauki salularku ku shiga kantin nan, ku nemi Akwai Wuri, ku gangara har inda aka rubuta Kojo. Kantin ya cinye duk abin da suka faɗa wa juna, ya bar na ƙarshe kaɗai. Tauraro huɗu ne, a ƙasa an ce: "Shina aiki. Rubutu dai ƙanana ne. Allah shi yi maka albarka." Uwarku ce wannan, kuma da ɗanta na fari take. Sai kun matso da salular kusa da ido kafin ku karanta abin da ke cikin aplikasiyon, domin har yau wanku bai gyara rubutun ba, ni kuma ban ce ya gyara ba.